Sharhabil da Mangwaron Malam

Tun Sharhabil yana rarrafe aka san akwai magana. Yara na cin ƙasa, shi tona ta yake yi. Duk abin da Inna ta shuka a bayan ɗaki a unguwar Kurmin Mashi ta Kaduna, kuɓewa ce ko alayyafo, da ya yi ganye biyu sai ya tuge ya leƙa gindinsa. A layinsu kaf, in ka ga tsiro ya kai gwiwa, to Sharhabil ne ke kwance da zazzaɓi.

Da ya tafi jami'a dangi suka ce an yi likita. Ya dawo da digiri har biyu, duka a kan saiwa. Ba ma saiwar gaba ɗaya ba, ɗan farin tsinin nan da bai kai ƙwayar gero ba. Wai a cikinsa akwai wasu ƙwayoyin halitta, iyayen sauran, da ba sa gajiya da haihuwa. Wai kowace na ɗauke da umarnin bishiyar duka, a nannaɗe kamar zaren tela: inda aka ɗaure tamau ba ya karantuwa, inda aka sassauta shi ke aiki. Ya taɓa yi wa mai shayi a Kinkinau wannan bayani har burodin teburin ya bushe.

A haka ya ga Umaima, 'yar Malam Idris, wani malami ɗan Zamfara da ke Malali, kuma abin mamaki ta saurare shi. Malam na da dashen mangwaro a ƙofar gida, daga lambun mahaifinsa ya ɗauko shi, ya shekara bai ƙara ko taƙi ba. Wata la'asar ya kira mai neman 'yarsa.

"An ce kai ne likitan icce. Duba min wanga."

Mai hankali zai taɓa ganye ya ce a ƙara taki. Sharhabil ya durƙusa, ya yi bismilla, ya tuge. Sai ga saiwa a dunƙule cikin baƙar leda.

"Allah gafarta Malam, ai da ledarsa kuka binne shi," in ji shi, a gaban baƙin da suka zo wurin Malam. Ya zaro reza ya datse saiwoyin. "Ba komai, in an yanke tsinin, ƙwayoyin da ke baya sai su kwance zarensu su gina wani."

Malam ya daɗe yana kallon ramin. "Madalla. Mai da shi. Ran da ya yi sabon ganye ka turo magabatanka. In ya bushe, Kaduna da faɗi."

Nan gwanin ya shiga uku. Ban ruwa ba wahala, wahalar ita ce wucewa ta gaban dashen bai san me ake ciki a ƙasa ba. Ya rame har agogonsa na zamewa. Umaima ta gane shi sarai, in ya zo zance sai ta miƙa masa kofin kunu a dama, faranti a hagu.

"Riƙe, kada ka ajiye sai ka kai titi."

Da ruwa ya sauka, mangwaro ya fito da jajayen ganye. Malam ya cika alkawari. Kawu Nasiru ya sha babbar riga, ya ɗauki goro da alawa, Sharhabil ya raka shi da sauran manya don nuna gida. Manya suka shiga zaure, aka bar shi a waje, shi kaɗai, hannu biyu ba komai.

Ana dab da sa rana Malam ya fito alwala, Kawu na biye. Suka tarar da angon gobe a tsugune, mangwaro a hannu, fuska kamar an ba shi kujerar Makka.

"Kawu, dubi, ya sake tsini. Fari fat, har da 'ya'ya."

Malam ya ajiye buta a hankali. "Mai da shi. Mu jira wani ganyen."

Kawu ya cinye rabin goron kafin su kai Kurmin Mashi. Yanzu Umaima da kanta ta kewaye dashen da ƙaya mai tsayin mutum, alhali layin nan babu mai akuya ko ɗaya.