Ƙahon Babana da Jinin Inna

Shekarun baya, lokacin da naira ba ta daɗe da fitowa ba, manyan motoci na ta kwarara a hanyar Kano zuwa Katsina, na samu aiki a ɗakin gwajin jini na wani asibiti a Kankia. Kai, ku zo ku ga ɗagawa! Farar riga har gwiwa, biro biyu a aljihu, ko ruwa zan sha sai na gyara wuyan riga. Alhali aikin nawa bai wuce in soki yatsa, in shafa jini a gilashi, in rina, in leƙa a madubin gwaji ba. Madubin ma ba na lantarki ba ne, sai an kai shi bakin taga an tara mashi hasken rana.

Mahaifina kuwa wanzami ne a ƙauyenmu da ke ƙasar Kusada, sana'ar da ya gada tun kakanni. Wajen kafa ƙaho babu na biyunsa, tun daga Ƙofa har Bauranya zuwa ake yi. Da na ƙi ɗaukar zabira na bi boko ya ji haushi ƙwarai, shi ya sa in zai zolaye ni sai ya ce "Malam Likita".

Wata Juma'a na hau kekena na je gida, na ishe mahaifiyata zaune a ƙofar madafa tana haki kamar ta yi gudu. Daga ɗaki fa kawai ta fito. Ƙafafunta sun kumbura, a bayan wuyanta ga sabuwar shaidar ƙaho. Na ja fatar idonta ƙasa kamar yadda aka koya mana, na ga ciki fari fat, babu ko alamar ja. Nan na gane jini ne ya yi mata ƙaranci.

"Mataccen jini ne ya taru mata," in ji Baba. "Sau uku na kafa mata ƙaho watan nan. Da ka ga abin da ke fita, baƙi ƙirin, guda-guda. Gobe ma zan ƙara."

Ban san lokacin da bakina ya kubce ba. "Baba, kashe ta za ka yi!"

 Ya daɗe yana kallona, sannan ya ce, "Ni zan kashe uwarka?" Inna ma da ba ta da numfashin kirki sai da ta samu na yi min faɗa: "Kul! Mahaifin naka kake gaya wa haka? Bokon ke nan?"

Kunya ta rufe ni, amma tsoro ya fi kunyar yawa, don na san in aka sake ɗibar mata jini ba lallai ta tashi ba. Na durƙusa na ba shi haƙuri, na ce, "Baba, alfarma ɗaya nake roƙo. Mu je Kankia ka ga jinin nata da idonka. In ka ga mataccen jini a ciki, wallahi ni zan riƙe maka ƙahon." Ina jin son ya kunyata ni ne ya sa ya yarda.

Washegari da hantsi muka sauka daga motar kasuwa, ina riƙe da Inna, shi yana rataye da zabirarsa. Na soki yatsanta, na ce shi ma ya kawo nasa mu gwada. Ya miƙo yana taɓe baki. "Dubi yadda hannunka ke rawa. Wa ya koya maka taɓa jikin mutum?"

Na fara ɗora gilashin jininsa. Ya duƙa ya leƙa, ya ce gashin idonsa kawai yake gani, yaudara ce. Na juya ɗan madubin ƙasa ya kamo rana, na murɗa a hankali. Sai ji na yi ya ce, "La'ilaha illallahu!" Ya ja da baya har hularsa ta faɗi, ya sake komowa da sauri.

"Mi ne ne wannan birjik kamar an baza waina a faranti?"

Wayyo daɗi! Ranar nan na yi bayani har kumfar baki. Na ce waɗannan su ne jajayen ƙwayoyin jini, su ke ɗaukar iskar da muke shaƙa su kai ta ko'ina a jiki. Jinin da ke fita a ƙaho yana duhu ne don ya riga ya sauke iskarsa kuma ya daskare, ba mutuwa ya yi ba. Ya nuna wata ƙwaya da rini ya kama da shuɗi, ya ce ita fa? Na ce fararen ƙwayoyi ke nan, su ne dakarun jiki, in cuta ta shigo su ke tarar ta su yi ta faɗa da ita.

"Duk wannan a cikina? Shekara hamsin suna min aiki ban ko san da su ba? Allah mai iko!"

Sai na cire nasa na sa na Inna. Fara'arsa ta ɗauke. Ƙwayoyin nata ƙanana ne, koɗaɗɗu, tsakiyarsu fayau kamar zobe. Ya daɗe a duƙe bai ɗago ba.

"Wa ya cinye mata su?"

Maigidana a wurin aiki, wanda ya duba sauran gwajin, shi ya amsa. Ya ce tsutsar ciki ce mai shiga ta tafin ƙafa a jiƙaƙƙiyar ƙasa, ta maƙale a hanji tana tsotsar jini. Ya nuna mashi wasu fararen ƙwayoyi masu ɗigo-ɗigon ja da suka yi yawa, ya ce su ne masu yaƙi da tsutsa, suna ta fama amma abin ya fi ƙarfinsu.

Baba ya ce a hankali, "Tsutsa na ɗiba ta ciki, ni ina ɗiba ta waje." 

Likita ya ce magani kaɗai ba zai yi saurin da ake so ba, sai an ƙara mata jini a ranar. Nan take na naɗe hannun riga, ga ɗa mai kishin uwa. Ana kawo allurar na kalle ta, ɗakin ya juya min, sai farkawa na yi ana yayyafa min ruwa. Ni da nake sukar mutane tun safe har la'asar! Kuma bayan duk wannan abin kunya aka ce jinina bai ma dace da nata ba, don jini iri-iri ne, in aka zuba wanda bai dace ba jikin mutum zai ɗauke shi baƙo ya far mashi.

Na Baba ne ya dace. Ya ajiye zabira ya kwanta a benci, ko gezau bai yi ba. Yana kallon kwalbar tana cika ya ce, "Shekara talatin ina zubar da jinin mutane a toka, ashe abin zubawa a jikin mutum ne. Ku ɗiba da yawa, ina da shi."

Kafin mako biyu Inna ta koma gida da ƙafarta, da ƙwayoyin magani a ƙunshe da sabon takalmin roba da Baba ya hana ta cirewa ko gona za ta. Da na zo gaishe ta na tarar tana daka. Wallahi tsayawa na yi a zaure ina sauraron ƙarar turmin nan, hawaye na zuba don murna.

Baba bai bar ƙaho ba, kuma ban taɓa ce mashi ya bari ba. Amma daga ranar duk wanda ya zauna a gabansa sai ya fara jan fatar idonsa. In ya ga fari sai ya mayar da ƙahon cikin zabira ya ce, "Tashi ka tafi Kankia wajen Malam Likita. Amma kada ka nuna mashi allura, suma yake."

Abin da na koya shi ne, da na ci gaba da ɗaga wa tsohon nan murya da na rasa uwata ina da gaskiya. Ba taurin kai ne da shi ba, bai taɓa gani ba ne, kuma da ya gani ya riga ni kwanciya a bencin. Dukansu sun rasu yanzu, Allah Ya jiƙansu, ƙahon nasa yana nan a akwatina. Inna ta ƙara shekara ashirin da wani abu a duniya, kuma duk ranar da suka yi cacar baki ya ce ta cika faɗa, sai ta ce mashi, "To Malam, da can haka nake? Jinin wa aka zuba min?"