Uwar Lamba Takwas

Duk shekarun da na yi a ofishin wasanni, ranar da ta ƙi fita daga raina ita ce ranar gwajin 'yan ƙwallo da wata uwa ta kusa ɓarar wa ɗanta gurbinsa da bakinta, alhali duk filin babu wanda ya kai ta son ya samu. Ku da kuka kama aiki bana ku saurara, don irinta za ta zo muku ko da ba da Hausa ba.

Lokacin ni ce jami'ar kula da ɗalibai 'yan wasa a wata jami'a a Manchester. Ga waɗanda ba su san tsarin ba, tallafin wasanni a nan ba irin na Amurka ba ne da ake ta ba da labari. Abin da muke bayarwa shi ne sassaucin kuɗin ɗaki, da mai duba rauni, da ɗakin motsa jiki, da izinin ɗage jarrabawa idan ta ci karo da wasa. Guraben kuwa 'yan kaɗan ne, kuma ƙwallon ƙafa rabawa take yi da masu ninkaya da masu gudu da sauransu. Abin da ya fi ɗaure mana hannu shi ne, idan aka ba ɗalibi gurbi ya ajiye wasa a tsakiyar shekara, ba a miƙa wa wani. Gurbin ya mutu sai baɗi. Shi ya sa koci ba ƙafar yaro kaɗai yake kallo ba, har da mutanen gidansu: za su bar shi ya ci gaba, ko za su janye shi?

A shekarar gurbi ɗaya ya rage wa ƙwallo, yara biyu suna nema. Ɗaya mai tsaron baya ne daga Liverpool, ɗayan kuma Sadiƙ, ɗan tsakiya daga Balsall Heath a Birmingham. Ina jin sunan mahaifinsa na gane gidan. Mahaifiyarsa Hajiya Saratu akanta ce, mun sha haɗuwa wajen suna da biki a unguwar Old Trafford, har Yaya nake ce mata. Na kuma san sharaɗin da mahaifin ya gindaya: idan jami'a ta ɗauke shi a matsayin ɗan wasa, ya buga. Idan ba ta ɗauka ba, ya rataye takalmi ya rungumi karatun injiniya shi kaɗai.

Ƙa'idar aiki ta ce wanda ya san mai nema dole ya faɗa. Na je wurin daraktarmu, Misis Hollis, na faɗa mata. Ta ce, "To Rabi, ba ki da ƙuri'a, kuma ba ki da ta cewa a kan yaron." Na ce na ji. Ni dai kun san ni, a kan ƙa'ida ba ni da sauƙi, ko da kuwa a kaina za ta ƙare.

Ranar gwaji Sadiƙ ya yi wasa mai kyau, ba hayaniya, duk ƙwallon da ta bar ƙafarsa ta san inda za ta. Da aka tashi, Koci Martin, mutum mai fara'a da son hira, ya zagaya gaisawa da iyaye. Mahaifin ɗayan yaron saura kaɗan ya ɗaga kocin sama don yabon ɗansa. Sai ya iso wurin Hajiya Saratu, tana tsaye can nesa jikin shinge, ni kuma ina kusa ina raba ruwa. Ya ce mata lallai tana alfahari da Sadiƙ. Ta kawar da kai, ta amsa da Turancinta mai tsabta, ta ce, "Wannan? Malalaci ne. Ƙwallon ce kawai, ita ma akwai waɗanda suka fi shi. Ni ban ma cika kallo ba."

Na ji kamar in nutse a wurin. Sadiƙ ɗan fari ne. A wurinmu uwa ba ta yabon ɗan fari, ba ta kiran sunansa, ba ta nuna ta damu da shi a gaban mutane. A cikin wannan kunyar Yaya ta tashi a Kano, kuma digiri da shekarun Ingila ba su goge mata ita ba. Duk Bahaushen da ya ji ta zai yi murmushi ya gane. Martin kuwa fara'arsa ce ta ɗauke.

A zaman kwamiti, kafin in tashi in ba su wuri, na ji shi yana cewa Sadiƙ ya ɗan fi, amma gidansu ba sa bayansa, uwar ko sunansa ba ta faɗa ba, shi kuma ba zai yi caca da gurbin ƙarshe ba. Na ɗauki jakata na fita, bakina cike da magana, ƙa'ida ta hana. Ban taɓa jin haushin wata doka kamar ranar ba.

Da yamma Yaya ta kira ni. "Rabi, ya ake ciki da maganar yaron can?"

Na ce, "Wallahi Yaya I can't discuss it, kin san na yi declaring cewa na san ku."

Ta ce, "To shi ke nan. Allah ya zaɓa abin da ya fi alheri."

Washegari na koma wurin darakta. Na ce ba a kan yaro na zo ba, a kan tsari na zo, kuma tsari aikina ne. Ƙa'idarmu ta ba da dama, idan biyu suka yi kusa da juna, koci ya je ya ga kowanne a kulob ɗinsa. Na ce a yi wa dukansu biyun. Ta amince. Martin ya je Liverpool wata Asabar, ta gaba ya je Birmingham. Ni ban bi shi ba, ban kuma gaya wa kowa yana tafe ba.

Ranar Litinin ya shiga ofishin darakta ya sa aka kira ni. Ya ce a Birmingham ana ta ruwa, iyaye sun jeru a bakin fili da lema, ya duba bai ga Hajiya Saratu ba, har ya ce a ransa zance ya ƙare. Sai tsohon kocin kulob ɗin ya nuna masa wata mota can ƙarshen fili, gilashi a sauke, ruwa na jiƙa mata hannun riga, carbi a hannu. Ya ce masa tun yaron yana ƙarami nan ne wurinta kowace Asabar. Ita ke kwaso yaran da ba su da mai kawo su. Amma ba ta taɓa zuwa bakin layi ba, kuma idan ya zama dole ta ambace shi, sai ta ce lamba takwas, wato lambar da ke bayan rigarsa. Martin ya ce da aka kwashe Sadiƙ ya faɗi, ya ga ƙofar motar ta buɗe, ƙafa ɗaya ta sauko cikin taɓo. Da yaron ya miƙe, ƙafar ta koma, ƙofa ta rufe.

Ya ce, "To Rabi, me ya sa ta ce mini malalaci ne?"

Na dubi darakta. Ta ce, "Amsa a kan al'adar, ba a kan yaron ba." Na yi musu bayanin kunyar ɗan fari a taƙaice, ban ƙara ko kalma ɗaya ta yabo ba, na sake ɗaukar jakata na fita. A bayana suka kaɗa ƙuri'a, Sadiƙ ya samu. Ɗayan yaron ya shiga ƙungiya ba tare da tallafi ba, kuma abin ya taɓa ni, don shi ma yaron kirki ne. Haka aikin yake, gurbi ɗaya ba ya ɗaukar mutum biyu.

Sadiƙ bai ajiye wasa ba har ya gama digirinsa, a shekarar ƙarshe ma shi ne kyaftin. Ina alfahari da wannan, ba na ɓoyewa. Na fi alfahari da cewa babu wanda zai ce Rabi ce ta yi wa ɗan garinsu hanya.

Ranar da sakamakon gurbin ya fito kuwa, Yaya ta kira. "Rabi, na ji an ce uni ta ba wani yaro abin nan."

Na ce, "Wane yaro, Yaya? Yaran da yawa. Faɗi sunansa in duba miki."

Na ji tana dariya tana jan hanci. Ta ce, "Ke dai ba ki da kunya. Lamba takwas."

Abin da na koya ke nan nake bar muku. Ku riƙe ƙa'ida ko da tana ƙona ku, amma ku san ta ciki da waje, don sau da yawa a cikinta mafita take. Kuma idan gurbi ɗaya ya rage, kada ku yanke wa yaro hukunci da abin da aka faɗa a bakin fili. Ku taka har ƙarshen filin ku ga wace ce zaune a mota, ruwa yana dukanta.