Mola Esuka Mokake da Sunan da Ya Daina Fitowa

Haihuwa da Karatu

An haifi Mola Esuka Mokake a shekarar 1948 a ƙauyen Bokwango da ke gefen Buea. Mahaifinsa Lyonga Mokake manomin gwaza ne, mahaifiyarsa Enanga tana sayar da manja. Ya shiga makarantar mishan a 1956, ya fita da Turancin da ya ishe shi aiki, bai ƙara gaba ba.

Aiki da Iyali

A shekarar 1967 ya sauka Tiko, wani kamfanin gonakin ayaba da roba ya ɗauke shi aikin haɗa layin tarho, kuma a kan wannan kujera ya zauna har ya yi ritaya a 2003. Ya auri Iya Eposi a 1975. Allah ya ba su Ngale a 1977, Mbua a 1981, sai auta Limunga a 1989.

A 1983 ƙanensa ya nutse a teku a Limbe. Bisa al'adar gidansu, ba a gaya wa tsoho mai rauni labarin mutuwa kai tsaye. Mola da bakinsa ya riƙa ce wa mahaifiyarsu yaron ya tafi fatauci, har damina ta wuce.

Saɓani

Limunga ta karanci ilimin kwamfuta a jami'a. A 2013 mahaifinta ya sauke girmansa ya roƙi tsohon shugabansa, aka ba ta kujera a ofishin kamfanin. Ta ƙi. Ta riga ta shiga cikin wasu mutane da ke warwatse a ƙasashe, suna gina manhajar da ƙananan asibitoci ke lura da magunguna da ita. Manhajar ba mallakar kowa ba ce. Wanda ya so ya ɗauka kyauta, ya buɗe cikinta, ya gyara, ya mayar wa jama'a.

Mola ya ce wannan ba aiki ba ne, kuma an kunyata shi a gaban wanda ya roƙa. Ya daina yi mata magana. Ta koma Kigali a 2014. Da Iya Eposi ta rasu a 2018 ta zo jana'iza, ta durƙusa ta gaishe shi, ya kawar da kai. Mai wannan rubutu maƙwabcinsa ne, yana wurin, kuma ya gaya masa bai kyauta ba.

Wayar Marigayiya

Bayan zaman makoki wayar Iya Eposi ta dawo hannunsa. A ciki ya tarar da zauren hira na intanet inda masu gina manhajar ke taruwa, wanda Limunga ta saka wa mahaifiyarta tun kafin ta tafi. A zauren akwai wata 'yar manhaja da suke kira mai shela. Duk lokacin da wani ya yi gyara aka karɓa, nan take mai shela za ta rubuta sunansa da abin da ya taɓa, kowa ya gani.

Mola bai fahimci gyaran ba, amma ya iya karanta suna. Kowace safiya bayan ya sha shayi yana zama a baranda ya buɗe zauren, kuma da wuya rana ta faɗi sunan Limunga bai fito ba. Ya ga yadda suke gardama a kan layi guda na rubutu, ya ga ranar da ta ɓata wani abu aka yi mata tsiya, ya ga ta gyara. Bai taɓa rubuta komai ba, bai kuma gaya wa 'ya'yansa maza ba. Haka ya zauna shekara huɗu.

Shekarar 2022

A watan Maris na 2022 sunan ya daina fitowa. Mai shela tana ta kiran sunayen wasu, nata babu. A lokacin hawan jini ya kama shi. Da abin ya kai wata guda ya kira Mbua.

"Ƙanwarka fa?"

"Wacce, Papa? Wadda aka hana mu ambata?"

"Kada ka yi mini iya shege."

"Lafiyarta ƙalau. Aiki ne ya yi mata yawa."

Da jin haka ya tabbata wani abu ya same ta, domin ya san yadda ake yi wa tsoho mai hawan jini magana, shi ma ya taɓa yi. Ngale ya rantse masa, bai yarda ba. Suka ce za su kira ta ya ji muryarta, ya ce ba ya son wasan kwaikwayo, alhali tsoro yake ji kada a kira wata ta ɗauka. Ya rage cin abinci. A ganinsa mai shela kaɗai ce ba ta san tausayi ba, don haka ita kaɗai ba za ta yi masa ƙarya ba.

Ranar wata Talata da hantsi, da yatsa ɗaya, ya rubuta a zauren: "Ni ne mahaifin Limunga Mokake. Ina 'yata? Kada a lallashe ni."

Saƙon ya fito da sunan marigayiya mai wayar. Wani Wanyama daga Kenya ya fara amsawa. "Ikon Allah, Eposi ta yi magana. Baba, tuntuni mun ɗauka kai ma na'ura ce."

"Eposi matata ce. Ta rasu. Amsa mini abin da na tambaya."

"Yi haƙuri, Baba. 'Yarka tana nan da ranta."

"Sunanta ba ya fitowa."

Sai wata Halina daga Poland ta shigo. "Baba, da safen nan ta dawo mini da aikina, ta ce in sake. Wanda ya mutu ba ya irin wannan mugunta."

Wanyama ya yi masa bayani. A watan Maris an damƙa wa Limunga riƙon ƙofa. Babu gyaran da ke shiga manhajar sai ta duba ta amince, shi ya sa ta daina samun lokacin rubuta nata. Mai shela kuwa sunan mai gyara kawai take faɗa, ba ta ambaton wanda ya buɗe masa ƙofa. Duk sunayen da Mola ya yi ta karantawa yana baƙin ciki, ta hannunta suka wuce.

Mola ya rubuta: "Ta faɗa da kanta."

Ba a daɗe ba ta shigo. "Papa? Wayar Mami ce wannan?"

"Ita ce."

"Tun yaushe kake cikin nan?"

"Na ga ranar da kika ɓata lissafin allurai suka yi miki dariya."

"Papa, wannan ai tun 2019 ne."

"Kina cin abinci?"

Wanyama ya ce su koma waya, domin duniya duka tana karantawa kuma Halina ta fara kuka. Wayar ta yi ƙara a hannunsa. Ya ɗauka. Da azahar ya aika a kawo masa kwakoko, abincin gwaza na garinsu, da miya, ya cinye, ya nemi ƙari.

A makon nan mutanen zauren suka gyara mai shela, ta koma faɗin sunan mai gyara tare da na wanda ya amince. Mola ya ce da tun farko sun yi haka da ba a wahalar da mutane ba.

Ƙarshen Rayuwa

Limunga ta zo gida a Kirsimetin 2022, ta kuma dawo a na 2023. Bai taɓa cewa ya yi kuskure ba, ita ma ba ta nema ba. Ya ci gaba da zama a zauren, wani lokaci yana yi wa Wanyama faɗa a kan yawan surutu a wurin aiki.

Ciwo ya kwantar da shi a watan Yuli na 2024. Ya rasu a gidansa ranar 9 ga Agusta, yana da shekara saba'in da shida, aka binne shi a Bokwango kusa da matarsa bayan addu'a a majami'a.

Ya bar jikoki biyar da 'ya'ya uku: Ngale, direban babbar mota a Douala, Mbua, malamin firamare a Buea, da Limunga, wadda ta yi jinyarsa har ya cika. Duk ukun suna tsaye a gabansa lafiya ƙalau, ya gan su da idonsa.