Sista Scholastica, Mai Tambayar Shekaru Sau Biyu

Kullum da sassafe Sista Scholastica ke hawa bas daga Samaru zuwa wani ƙaramin asibitin mata a Sabon Gari, inda take aikin ungozoma. Duk matar da ta zo neman haihuwa, kafin a auna ta, sai Sista ta tambayi shekarunta, kuma ba ta yarda da amsar farko. Ta san halinmu sarai: akwai shekarun gaskiya, akwai na takardar aiki, akwai waɗanda aka faɗa wa dangin miji.

Dalilinta ɗaya ne. Takan ce a cikin ƙwan mace akwai wasu 'yan murahu, likitoci na kiransu mitokondiriya. Su ke ba ɗan tayi ƙarfi a kwanakinsa na farko, kuma daga uwa yake gadonsu. In shekaru suka ja, wutarsu kan ragu, sai ciki ya shiga ya kasa zama.

Nonye, mai sayar da atamfa a kasuwar Sabon Gari, ta ba ni nata labarin. A 2004 ta zo bayan ta sake yin ɓari. Ta ce shekarunta talatin da huɗu, kuma ita da mijinta sun shirya sai sun gama gini a Hanwa sannan su ga babban likita. Sista ba ta musa ba. Ta ja ta da hira, har ta tambaye ta ko ta tuna ranar da motoci suka koma bin hannun dama a 1972. Nonye ta yi dariya, ta ce ai ranar tana bakin titi goye da ƙaninta.

"'Yar shekara biyu ba ta goyo, ƙanwata," in ji Sista. "Kin kai arba'in. Gini zai jira, ƙwanki ba zai jira ba."

Nonye ta fita ko sallama babu, amma ta je wajen likitan. Yau gidan Hanwa ko rufi babu, 'yarta Chinelo kuwa ta fara makaranta. Ba kowa ce ta dace haka ba, Sista ma ba ta taɓa yi wa wata alkawari ba.

Bana Sista ta ajiye aiki. Ke ce mai faɗin gaskiya komai ɗacinta, Sista, mun gode. Ku masu tasowa a aikin nan, ku yi koyi da ita, ku riƙa tambaya sau biyu.

Na tambaye ta inda ta koyo wannan naci. Ta ce ita ma ta taɓa jira sai an gama gini. Ɗakunan suna nan a Samaru, ɗalibai ke haya.