Ranar da Na'urar Gwandu Ta Ƙi Yin Shiru

Duk wanda ya taɓa kai waya gyara a Gwandu ya san Lawal. Gajere ne mai saurin hannu, ga saurin fushi. A rumfar bakin kasuwa ya fara, yana canza gilashin waya, daga nan ya koyi jan wayar intanet a ofisoshi. Da wani kamfani mai ajiye bayanan marasa lafiya na ƙananan asibitoci ya buɗe ɗakin saba a garin, wato manyan na'urorin nan da ake tara bayanai a ciki, shi aka damƙa wa makulli. Kullum yana share ɗakin da kansa, har turare yake fesawa a bakin ƙofa.

Damuwarsa ɗaya ce a duniya, Muzzammil, ɗan ƙanwar babansa da ke Kalgo. Taubashinsa ne, tun suna yara kowa na kiran ɗan'uwansa bawansa, a yi dariya a watse. To amma Muzzammil ya yi karatu mai zurfi, kuma da kamfanin ya buɗe ɗaki na biyu a Kalgo, shi aka ba aikin tsara yadda za a haɗa ɗakunan su zama abu guda. Wannan abu ya tsaya wa Lawal a maƙogwaro. Yaron da ya koya wa riƙe sukundireba!

Tsarin Muzzammil ba shi da wuyar ganewa. Duk abin da aka rubuta a Gwandu nan take zai sauka a Kalgo, haka ma na Kalgo. Sannan ya aje wata 'yar na'ura a Birnin Kebbi mai raba gardama. In wayar da ta haɗa garuruwan biyu ta tsinke, Kalgo za ta ci gaba da aiki, Gwandu ta yi shiru har a gyara, don kada kowanne ɓangare ya riƙa rubuta nasa daban.

A gaban shugaban kamfanin Muzzammil ya yi bayanin, ya juyo wajen Lawal yana murmushi ya ce, "Bawana, in waya ta tsinke, ka kama bakinka, ubangidanka na Kalgo zai yi magana."

Aka yi dariya, Lawal ma ya yi, don ba a fushi da wasan taubashi. Amma Gwandu guda, a ce ta yi wa Kalgo shiru? Bai ga tsari a cikin maganar ba, raini kawai ya gani. Bayan kwana biyu ya zauna a gaban na'urarsa ya canza umarnin, ta yadda ko me ya faru ta Gwandu ba za ta saurari mai raba gardama ba. Ya fito yana fito, ranar har tsire ya saya wa matarsa Rahama.

Da damina ta yi ƙarfi, ruwa ya zaizaye gefen hanya a wajen Masama ya tsinke wayar. Kalgo ta ɗauka ita ce mai magana, Gwandu ma haka. Yini guda asibitoci suna aiki, wasu bayanansu na tafiya can, wasu nan. Da aka gyara wayar sai ga majinyaci ɗaya da magani iri biyu, wani kuma sakamakon gwajin jininsa ya ɓace. Allah ya taƙaita babu wanda ya cutu, amma sai da aka sake kiran mutane daga Dodoru da Maruda aka ɗebi jininsu, suna ta ƙorafi.

Lawal ya san makullinsa ya tafi. Muzzammil na buɗe na'urar zai ga hannunsa, kuma ya gani. A hanyar zuwa taron da shugaban ya kira, Lawal ya shirya maganarsa tsaf, ya ƙudura zai miƙe ya ce shi ya yi, da gangan, a san cewa shi ma akwai abin da ya iya.

Bai samu ya buɗe baki ba. Muzzammil ya riga shi miƙewa, ya ce kuskuren daga tsarinsa ne, shi ya bar ƙofar da bai kamata ya bari ba. Shugaban ya yi masa faɗa kaɗan, sannan ya shiga yabon gaskiyarsa har abin ya ishi kowa. Sunan Lawal ko fitowa bai yi ba.

A waje Muzzammil ya dafa kafaɗarsa ya ce a hankali, babu wasa a muryarsa, "Yaya, riƙe makullinka. Ba wanda zai ji."

Har yau Lawal na nan a ɗakin Gwandu, yana shara, yana fesa turare. Da Rahama ta ce ya kamata su je Kalgo su yi godiya, ya daɗe yana jujjuya makullin a hannu.

"Abu ɗaya na yi da kaina a aikin nan," in ji shi, "shi ma ya karɓe."