Yarinyar Dutse Mai Tsagaggen Kunne

Ina aji biyar a firamare hukuma ta kewaye wani fili a Birnin Kudu da waya, ta ce lambun shaƙatawa ne. Shekarun nan ne da kuɗin mai suka fara shigowa, kullum da sabon abin da ake ginawa. Aka shuka furanni, aka zuba bencinan siminti, tifa ta juye manyan duwatsu a tsakiya, aka ɗauko wani mutumin kudu ya sassaƙa su.

Ni 'yar Farin Dutse ce ta ƙasar Gwaram. A gidan Gwaggo, ƙanwar Babana, nake zaune saboda makaranta. Da ƙyar Baba ya yarda da bokon nan, kuma da sharaɗi: ranar da ya ji wata magana a kaina, ko ƙanƙanuwa ce, zai zo ya tafi da ni gida.

Lambun yana kan hanyata. In an tashe mu nakan laɓe bayan wata darbejiya ina kallon mai sassaƙar. Ba mu taɓa magana ba. Yana ɗaura ƙyalle a hanci, garin dutse ya mayar masa da gira fara fat. Ya fara da raƙumi a durƙushe, ya yi manomi da garma a kafaɗa, sannan ya koma kan ƙaramin cikinsu. A hankali kai ya fito, sai kafaɗa, sai hannu rungume da littafi. 'Yar makaranta ce.

Ranar da ya gama na matsa jikin waya na duba. Fuskar ba ta kowa ba ce. Amma fatar kunnenta na hagu a tsage take, daidai inda ɗan kunne ya tsaga nawa tun ina goye. Na kai hannu kunnena. Ashe duk kallon da nake yi masa, shi ma yana kallona.

Na daina iya cin tuwo. Malaminmu na allo ya sha faɗa mana cewa wanda ya yi surar abu mai rai, ranar gobe za a ce ya busa mata rai. Ban san matsayin wadda aka yi surarta ba, kuma ba ni da bakin tambaya. Abin da na sani, in Baba ya ji an kafa 'yarsa gunki a bainar jama'a, karatuna ya ƙare.

A ajinmu, in an sa mu zana mutum ko akuya, mukan ja layi a wuyansa mu ce mun yanka shi, ya mutu, babu sauran alhaki. Manyan 'yan aji ne suka koya mana. Ran Juma'a da rana, maza duk sun tafi masallaci, na ɗauki gawayi a murhun Gwaggo, na kutsa ta ƙarƙashin waya, na hau dakalin da aka ɗora yarinyar dutsen. Dutsen ya ɗau zafi. Idanunta ba su da ƙwaya, amma na kasa kallonsu. Na zagaye wuyan da baƙin layi, na diro na ruga.

Kafin nan ba mai kula ta, raƙumin ake zuwa gani. Washegari kuwa gari ya ɗauka an yanka gunki. Wasu suka ce sammu ne aka yi wa wata. Mai gadi yana ta rantsuwa bai ga kowa ba, jama'a sun yi cincirindo suna ƙare mata kallo tun daga kai. Wata 'yar ajinmu mai ɗan karen surutu ta ce, "Ku dubi kunnen nan. Wallahi na san mai shi."

Kafin la'asar zancen ya shigo gidanmu. Gwaggo ta kama haɓata ta juya ni.

"Ke, uwar shiru-shiru, yaushe kika fara zama ana sassaƙa ki?"

"Ban zauna ba, Gwaggo. Tsayawa nake yi."

"Au, tsayawa. To sannu da aiki. Gawayin fa?"

Na sunkuyar da kai.

"Da kin bar ta da wuyanta, wa zai leƙa kunnenta?"

Ranar kasuwa Baba ya iso. Tun a tasha aka tare shi da labarin. Ko ruwa bai sha ba ya ce in taso mu je lambun. Yana gaba ina baya, ina kallon fason dugadugansa, ina tunanin wa zan bar wa kujerata ta kusa da taga.

An wanke gawayin, saura ɗan duhu a maƙogwaro. Baba ya daɗe a tsaye, hannuwansa a baya. Ya zagaya ta. Ya ƙwanƙwasa kafaɗarta da ɗan yatsa ya saurara, kamar mai sayen tukunya.

"Ke kika ce ya yi ki?"

"A'a, Baba."

"Ya ba ki wani abu?"

"A'a."

"Ya yi miki magana?"

"Ko sau ɗaya."

Ya dube ni, ya dubi dutsen.

"To alhakin yana wuyansa," in ji shi. "Ke kuma daga yau ta bayan kasuwa za ki riƙa bi. In na sake jin an gan ki a nan, ba sai na yi magana ba."

Hanyar bayan kasuwa ta fi nisa, ga karnukan mahauta. Ita na bi har na gama aji bakwai.