Sarewar Kawu Danna

Kawuna, ƙanin mahaifiyata, mutum ne da ko yaron goye bai taɓa katse wa magana ba a gida, amma a gidan rediyo aikinsa ke nan, katse mutane. Yana zaune a bayan gilashi, na'urar sauraro a kunne, wani jan maɓalli a gabansa. Idan mai kiran waya yana gaishe da surukarsa da telansa, Kawu ya ƙyale shi ya sha iska. Da zarar ya ce "amma fa gwamnatin nan", sai Kawu ya danna, kiɗa ya rufe muryar ruf. Shi ya sa abokan aiki suka laƙaba masa Danna, mu ma muka ɗauka.

Kada ku zaci mugu ne. Tsoro ne da shi kamar ya yi yaya. Idan ya hango ɗan sanda a tsallaken titi, tun daga nan yake fara masa sannu da aiki. Matarsa ta rantse mana cewa ko barci yake yi, idan ta fara mitar tsadar kaya, sai ta ga yatsansa yana danna matashin kai.

Abin da 'yan gida kaɗai suka sani shi ne Kawu ya so zama makaɗi. Da ƙuruciyarsa ya tsara wani kiɗa da sarewa, ya naɗa a faifai, ya kai wa masu shirin kaɗe-kaɗe na tashar. Suka ce ya bari za su duba. Har furfura ta cika masa kai suna dubawa. Burinsa a duniya bai wuce a ji kiɗan nan daga farko har ƙarshe ba, musamman ƙarshen, inda yake cewa sarewar tana hawa sama ta yi kuka.

Sai ga shekarar da gwamnati ta rufe intanet, wai gyara ake yi. Wayoyi suka koma fitilar neman takalmi. Kowa ya kakkaɓe tsohuwar rediyonsa, kuma duk wanda bakinsa ke ƙaiƙayi sai ya kira tashar. Kawu ya yi ta danna har faifan kiɗan da hukuma ta ba shi ya gaji ya sarƙe, daidai lokacin da wani mahauci ya shiga lissafa sunayen manya. Cikin ruɗewa Kawu ya zaro nasa faifan, wanda kullum yana cikin jakarsa, ya saka. Babu wanda ya ce uffan a ofishin sama, sai ya bar shi a ciki.

Matsalar ɗaya ce. Da zarar mai gabatar da shirin ya kashe layin ya ce wai sabis ne ya ɗauke, dole Kawu ya ɗage yatsa. Saboda haka gari ya haddace rabin farko kawai.

Amma fa ya haddace. Mutane suka gane cewa duk sanda sarewa ta tashi, to wani ya faɗi gaskiya ke nan. Ka tambayi mai kanti dalilin da ya ƙara wa sabulu kuɗi, sai ya yi maka fiton kiɗan. Miji ya fara bayanin inda ya tsaya, sai matar ta rera masa shi tana wanke-wanke. Ni kaina na tambayi mahaifiyata shekarunta, da shi ta sallame ni.

Kawu kuwa sai ya zama kamar sabon ango. Ya daina bin gajeriyar hanya, sai ya zagaya ta tashar mota don ya ji kwandastoci suna fito. Ya dawo yana dariya shi kaɗai, ya rufe ƙofa da taga, sannan ya raɗa mana cewa yau har a bakin wani mai kaki ya ji. Addu'arsa ta koma Allah ya kawo mai dogon surutu. Ranar da wani tsoho ya kira yana zagin asibiti, Kawu ya yi ta ɗaga ɗaya hannun ta gilashi yana roƙon mai gabatarwa ya jinkirta kashe layin. Saura ƙiris a kai wurin hawan, tsohon ya kama tari ya ajiye waya. Kawu ya yi kwanaki yana jin haushinsa.

Daga baya aka bugo waya daga sama cewa kiɗan yana tunzura jama'a, an hana shi. Manaja ya ce daga yau shiru za a riƙa dannawa, kuma duk wanda ya yi fiton a waya a yanke shi. Kawu ya ce to, ranka ya daɗe. Ran nan bai taɓa abincinsa ba, kuma na ji tausayinsa har cikin raina.

Washegari da hantsi muna gida rediyo a kunne, wani direba ya kira. Bai gai da kowa ba, ya kama fito tiryan-tiryan har inda kowa ya sani, ya tsaya.

"Don Allah, daga nan ina ya nufa?" in ji shi. "Mun gaji da rabi."

Mai gabatarwa ya ba mu labari daga baya cewa ya ga Kawu ya janye yatsansa daga kan maɓallin. Sai mutumin da ke gaishe da ɗan sanda daga nesa ya miƙe, ya murza wa ƙofa makulli, ya saka faifansa daga farko. Matarsa ta dafe ƙirji ta yi salati, sannan ta ƙure ƙarar rediyon. Manaja na dukan ƙofa, sarewa na tafiya abinta, ta wuce inda muka sani, ta hau. In faɗi gaskiya, a can ƙololuwa ta ɗan yi ƙara irin ta ƙofar da ke son mai. Duk da haka na yi kuka, mahaifiyata kuwa rawa ta kama da tsintsiya a hannu.

An tafi da shi amsa tambayoyi. Ya dawo bayan wasu kwanaki ya rame, babu aiki, babu faifai, kuma har yau bai faɗa mana abin da aka tambaye shi ba. Tashar ta sayo na'urar da ke yanke mutum ba tare da kiɗa ba.

Wata safiya yana zaune a ƙofar gida, sai ya ji wani mai fenti a kan tsani a gidan maƙwabta yana fiton ƙarshen a hankali, amma yana sauke shi ƙasa. Kawu ya yi ta mutsu-mutsu a kujera. Da abin ya ishe shi ya taka har gindin tsanin.

"Sannu da aiki, ɗana. Wurin nan sama ake yi."

"Baba, ka san shi ne?"

Kawu ya dubi gabas, ya dubi yamma.

"Na taɓa ji," in ji shi.

Ya riƙe masa tsanin da hannu biyu, bai saki ba sai da fiton mai fentin ya hau daidai.